PS4 uku, PS5 ɗaya, ko jiran PS6? Lissafin mai son buɗe gidan gem a karkara

Ranar Lahadi, bayan an tashi daga kasuwar Gujungu, ɗan ƙanwata ya biyo ta shagona da baƙar leda a hammata. Riɗin da ya noma bana ya sayar, ya haɗa da kuɗin raguna biyu da ya yi kiwo. Ya samu gefen benci ya zauna, ya bari yaran da ke buga ƙwallo suka ƙarasa wasansu, sannan ya matso.

"Kawu, gidan gem nake so in buɗe a garinmu, amma kaina ya ɗaure. Abokina ya ce in ba PS5 ba, kada ma in fara. A TikTok na ji ana cewa PS6 tana hanya, da ta fito farashin PS5 zai karye. Jiya kuma wani ya ce an ɗaga ta, wai kayan haɗi sun yi tsada, har masu hannun jarin kamfanin sun fara ƙorafi. In saya yanzu ne, ko in ajiye kuɗin?"

Na ce masa, "Ɗana, sa ledar nan a aljihu tukuna, mu yi lissafi." Shekarata tara ke nan a wannan sana'a. Da PS2 biyu, wato ƙarni na biyu na PlayStation, na'urar gem ta kamfanin Sony, da tsohuwar talabijin mai ƙeya na fara, na bi ta kan PS3, yanzu PS4 huɗu gare ni da PS5 ɗaya. Abin da na faɗa masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, don duk kaka sai matashi biyu ko uku sun zo mini da wannan tambaya.

Abin da za a auna

Na farko, kuɗin shiga gaba ɗaya. Na'ura kaɗai ba ta buɗe shago. Kowace tana son talabijin ɗinta, fad biyu da na ajiya (abin riƙewa a hannu da ake buga wasan da shi), sitabilaiza, benci, fanka, ga hayar ɗaki. Mutum ya zuba duk kuɗinsa a na'ura ya dawo gida yana neman rancen sayen talabijin, na ga haka ba sau ɗaya ba.

Na biyu, wuta. A garuruwanmu ba a gina kasuwanci a kan wutar layi. Ko janareta ko sola, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kowace awa da janareta ke ruri tana cin wani yanki na cinikin ranar. Na'urar da ke jan wuta da yawa, a cikin ribarka take ci.

Na uku, juriya ga ƙura da zafi, da kuma samun mai gyara. Waɗannan na'urori an ƙera su ne don falon da ke da labule da sanyi. Mu kuwa ƙurar hunturu gare mu, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ƙarƙashin kwano. Duk wadda ka saya wata rana za ta tsaya. Tambayar ita ce, in ta tsaya, a ina mai gyaranta yake, kuma akwai kayan?

Sai intanet: na'urar tana aiki ba tare da shi ba? Sai abin da yara ke bugawa, wanda a shagona ƙwallo ce ke kan gaba da nisa, sai dambe, sai tseren mota. Na ƙarshe shi ne uban duka: wata nawa za ta yi kafin ta mayar maka da uwar kuɗinka?

Jira

Da shi zan fara, tunda shi ya fi ɗaure wa yaron kai, kuma a nan ne ake buƙatar a gane yadda kamfanonin ke tunani.

Har zuwa ranar da nake rubutun nan, Sony ba ta sa wa PS6 rana ba, ba ta faɗi farashinta ba. Masu hasashe lissafi suke yi da yatsa: PS3 ta fito a 2006, PS4 a 2013, PS5 a 2020, shekara bakwai-bakwai, saboda haka 2027. Maganar "an ɗaga" kuwa tana da tushe, ko da yake ba daga bakin kamfanin ta fito ba. Tun ƙarshen 2025 farashin ƙwaƙwalwar da ake sa wa kwamfuta da waya da na'urar gem ya yi tashin gwauron zabo. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawanta a duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka, kuma masu gina manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da suka ƙera a farashin da mai na'urar gem ba zai iya gogayya da shi ba. Sabuwar na'ura kuwa dole ta ɗauki ƙwaƙwalwa fiye da ta tsohuwa. To ko dai a jinkirta, ko a fito da ita da tsada, ko kamfani ya sayar a kan asara.

Zaɓi na ukun nan Sony ta taɓa ɗanɗana shi, kuma ba ta manta ba. An shirya fito da PS3 a farkon 2006, aka ɗaga zuwa Nuwamba. Turai kuwa sai da ta jira har 23 ga Maris 2007, saboda ƙarancin wani ɗan ƙaramin sashe da ke haska faifan Blu-ray. Aka sa mata dala 499 da dala 599. Wani kamfanin bincike mai suna iSuppli ya kwance ta ya lissafa kayan ciki, ya ce kuɗin haɗa kowace ɗaya ya haura dala 800. Wato duk wadda aka sayar, kamfani na cike gurbin dala 240 zuwa 300 daga aljihunsa. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2007, sashen gem na Sony ya yi asarar sama da yen biliyan 230, kuma a 2007 Ken Kutaragi, mutumin da ya kafa PlayStation, ya sauka daga kujerarsa.

Yaron ya ce, "Kawu, to me ya sa mutum zai sayar da kaya ƙasa da yadda ya haɗa su?" Na ce masa ya tuna layin waya. Kamfani yana ba ka layi kusan kyauta, don ya san a kati da data zai ci ribarsa shekara da shekaru. Haka na'urar gem take. Ribar tana cikin gem ɗin da za ka riƙa saya da kuɗin rajistar wata-wata. A shagon Sony na intanet, kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin gem ɗin wasu kamfanoni nata ne. Phil Spencer, wanda a lokacin shi ne shugaban Xbox, na'urar gem ta Microsoft, ya faɗa da bakinsa a 2022 cewa Microsoft tana yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Sony kuwa ta koyi darasi: PS4 ta fito a dala 399, masu bincike suka ƙiyasta haɗinta a dala 381. PS5 mai faifai ta fito a dala 499, kuma a Agusta 2021 kamfanin ya shaida wa masu hannun jari cewa ta daina sayar da ita a kan asara.

Su masu hannun jari fa? Watan Fabrairu 2024 ya ishe mu misali. A tsakiyar watan Sony ta rage hasashen yawan PS5 da za ta sayar a shekarar daga miliyan 25 zuwa miliyan 21. Cikin 'yan kwanaki darajar kamfanin a kasuwar hannun jari ta zube da kusan dala biliyan 10, kuma kafin watan ya ƙare aka sanar da sallamar ma'aikata 900 a sashen PlayStation. A wannan watan dai rahotanni suka bazu cewa Nintendo, wani kamfanin gem na Japan, ta ɗaga magajiyar na'urarta Switch zuwa 2025. Ranar 19 ga wata hannun jarinta ya faɗi da kusan kashi 6 cikin 100 a Tokyo. Na'urar, wato Switch 2, ba ta fito ba sai 5 ga Yuni 2025, a dala 449, aka sayar da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu, hannun jarin ya haura inda bai taɓa kaiwa ba. Mai hannun jarin da ya yi haƙuri ya fanshe har da riba. Wanda ya riƙe kuɗinsa yana jiran na'urar don ya fara sana'a kuwa, wata goma sha biyar ya yi ba ciniki, kuma ba wanda zai biya shi.

Abin da nake so a gane shi ne, mai hannun jari ba ya son jinkiri, amma ya fi ƙin a riƙa sayarwa a kan asara. In kayan haɗi suka yi tsada, shugabannin kamfani sun san inda za su sauke nauyin: a kan mai saye. Da can na'ura tana araha ne in ta tsufa. PS2 ta fara a dala 299, ta ƙare a dala 99. PS4 ta sauko zuwa dala 299 a 2016. PS5 ta juya wa wannan al'ada baya. An ƙara mata kuɗi a Turai da Japan a Agusta 2022, aka sake ƙarawa a Turai a Afrilu 2025, sannan a Agusta 2025 aka ƙara dala 50 a Amurka, ta koma dala 549. Na'urar da ta shekara biyar ta fi ranar da aka haife ta tsada. Wanda ke jiran farashinta ya karye, ina tsoron jiran gawon shanu yake yi.

Ko da PS6 ta fito gobe, ba gobe za ta iso Ringim ko Taura ba. PS5 ta fito a Nuwamba 2020, amma ƙarancinta bai lafa ba sai farkon 2023. Tsoffin na'urori suna kwararowa kasuwar hannu ne bayan sabuwa ta cika gidajen Turai da Amurka, kuma hakan yana ɗaukar shekara biyu ko fiye.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a jaridun Tokyo. Kuɗin da ke cikin leda narkewa suke. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Ko naira ta tsaya cak, kuɗi a ƙauye ba sa zama: yau biki, gobe rashin lafiya, jibi taki. Na san wanda ya ajiye kuɗin shinkafarsa yana jiran PS5 ta yi sauƙi. Damina ba ta faɗi ba sai da kuɗin suka ƙare a hidimar gida. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

PS4 ta hannu

Ita ce jakar gidan gem, ita ke ɗaukar kaya. An sayar da kusan miliyan 117 a duniya, shi ya sa ta cika kasuwar hannu, kayan gyaranta ma ba wahala. Kuɗin sabuwar PS5 ɗaya yana iya ɗauko PS4 uku. Iri uku ce: ta farko mai kauri ta 2013, da siririya da Pro da suka fito a 2016. Siririyar nake ba da shawara. Wutar da take ja tana ƙasa da wat 100 a lokacin wasa, alhali mai kaurin takan kai wajen 140, Pro ta fi haka, ga ƙarar fanka. Siririya uku da talabijin inci 32 guda uku, duka ba su fi wat 400 da ɗoriya ba, abin da ƙaramin janareta ko matsakaicin sola zai riƙe.

Ga lissafin shagona. Wasa ɗaya naira 200, yakan ɗauki minti goma zuwa sha biyu, wato kusan wasa biyar a awa. PS4 uku in sun cika, naira 3,000 ke nan a awa. PS5 ɗaya, ko na sa ta naira 400, 2,000 za ta kawo, kuma yara shida ke zaune a ukun can, biyu kawai a nan. Ciniki a ƙauye ba yini ake yi ana yinsa ba. Daga bayan la'asar zuwa magariba, sai bayan isha'i zuwa goma, sai ranar kasuwa da kwanakin salla. A wannan ɗan lokacin, yawan kujeru shi ne kuɗi. Yaron da ya zo da naira 200 ya tarar da layi, mai shayi zai kai wa ita. Sannan in ɗaya ta lalace a cikin uku, biyu na aiki. In tilo ɗinka ta tsaya, shago ya rufe.

Tana karɓar faifai, ba ta neman intanet kafin yara biyu su kara. Gem ɗin ƙwallo na FC 26 da ya fito a Satumba 2025 akwai shi a PS4. PES 2021, ita ma ta ƙwallo, har yau tana da masoya, kuma ana sabunta mata sunayen ƙungiyoyi da riguna ta filas.

Aibinta tsufa. Wadda za ka saya ta shekara shida zuwa goma a hannun wani. Bari in nuna maka abin da ido ba ya gani. A ƙarshen hunturun bara wata tawa ta fara ruri kamar injin niƙa, tana yi tana mutuwa. Na kwance murfin a kan tabarma da safe. Ƙura ta dunƙule a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi, ta zama kamar audugar da aka cusa, na zaro ta da tsinke ta fito a haɗe. A sashen wuta kuwa gawar kyankyasai biyu na tarar. Ɗumin wurin suke bi da dare. Na share da burushin fenti, mai gyara ya canja man da ake shafa wa kan ƙwaƙwalwarta, ta dawo shiru. Tun daga nan duk wata biyu nake buɗe su, na ɗora su a kan katako nesa da ƙasa, in an tashi in lulluɓe da zane bayan sun huce.

Wajen saye, kada ka yi cinikin biri a sama. Na taɓa tura wa wani mutum kuɗi a kan hoton da ya turo mini ta waya, ya ba direba ya kawo mini tasha. Kwana tara ta yi ta mutu. Da aka buɗe, an riga an gasa allon cikinta da wuta don ta ɗan tashi a sayar. Ka je Kano da ƙafarka, masu kayan lantarki suna nan a Sabon Gari da titin Beirut. Ka sa a kunna maka ƙwallo a buga rabin awa kana zaune. Ka saurari fanka, ka duba ko an taɓa kwance kusoshin baya, ka girgiza wayar talabijin a bakin raminta ka ga ko hoto zai ɗauke, ka sa faifai ka fitar sau uku. Ka nemi a rubuta maka garantin ko da sati biyu ne a rasit.

Za a yi maka tayin "mai hakin", wadda aka fasa makullinta aka loda mata gem ashirin. Araharta tana jan ido. Amma haƙƙin mutane ne aka ɗauka ba izini, kuma ranar da wani yaro ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa ta sabunta kanta, duk abin da ke ciki ya kulle. Gidan gem faifai biyu ko uku yake buƙata a kowace na'ura, ba ashirin ba.

Kuɗin da ke fita kullum a fad yake. Na asali ya yi wuya, jabu ya cika kasuwa, kuma yatsun samari ba sa tausayi. Ka koyi canja sandar juyawa da robar maɓalli da kanka, ka ware wani abu duk sati don wannan.

Haɗari mafi girma shi ne ranar da sabuwar ƙwallo za ta daina fitowa a kan PS4. PS2 ta samu ta ƙarshe a FIFA 14, PS3 ta samu ta ƙarshe a FIFA 19, shekara biyar bayan fitowar PS4. PS5 ta cika shekara biyar a Nuwamba 2025, saboda haka ranar ta kusa. Gem ɗin dambe na Mortal Kombat 1 da Tekken 8 ma sun riga sun tsallake PS4. Sai dai na ga abin da ya faru da PS3 a shagona: bayan an daina yi mata sabuwar ƙwallo, sai da ta ƙara shekara uku tana kawo kuɗi. In PS4 ta mayar da uwar kuɗinta a shekara guda, duk abin da ya biyo baya riba ce.

PS5

Ba zan rage mata daraja ba. Hotonta ya fi, ba ta ɓata lokaci wajen lodi, tana karanta kusan duk faifan PS4, kuma mafi yawan sababbin gem na shekaru masu zuwa a kanta za su sauka. Gem ɗin GTA VI da samari ke ta magana, wanda aka ɗaga daga ƙarshen 2025 zuwa Mayu 2026, aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026, PS5 da Xbox Series kaɗai aka sanar masa. Ranar da na kawo tawa, samari daga ƙauyuka biyu suka zo a kan babura don su gani. Wannan suna da take ja wa shago shi ma jari ne.

Amma mu ƙaddara dala tana 1,500. Dala 549, farashinta na 2025, ta zama naira 823,500, kafin kuɗin fito da ribar ɗan kasuwa. Wutar da take ja tana kai wa wat 200, ninki biyu na siririyar PS4. Ba za ka haɗa ta da ƙaramar talabijin ba, in ba haka ba me ka saya? Fad ɗinta ya fito a dala 69, ya koma 74, kuma fad ɗin PS4 ba ya buga gem ɗin PS5. Cikinta akwai wani narkakken ƙarfe da ke ɗauke zafi, wanda ba kowane mai gyaran waya ya kamata ya taɓa ba. In ta samu matsala, Kano za ka nufa, ka nemi wanda ya ƙware a kanta.

In za ka saya, mai faifai za ka ɗauka. Marar faifai ta fi araha, amma kowane gem sai an sauke shi, wasu sun haura gigabait 50, kuma tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data. Faifai kuwa in ka gaji da shi ka sayar ko ka yi musaya. PS5 Pro da ta fito a Nuwamba 2024 a dala 699 ba ta gidan gem ba ce. Yaron da ke zaune a benci ba zai ga bambancin da zai sa ya ƙara maka ko sisi ba.

Xbox Series S da Switch 2

Series S ƙarama ce, ba ta shan wuta, tana buga sababbin gem. Ta fito a dala 299, ƙari biyu da aka yi a 2025 suka kai ta dala 399. Ba ta da ramin faifai ko kaɗan, rayuwarta a intanet take, fad ɗinta batir yake ci, kuma yaranmu hannunsu ya saba da na PlayStation. In ka tashi sayarwa ma masu nema kaɗan ne. Switch 2 ita ce ta fi kowa sauƙin wuta, wajen wat 20, amma gem ɗinta tsada, har da na dala 79, mai gyaranta a yankinmu sai an tona, kuma abin da ke shiga aljihun riga bai dace da ɗakin da mutum talatin ke shige da fice ba.

| Zaɓi | Farashin fitowa | Bayan ƙarin 2025 a Amurka | Wuta lokacin wasa | Faifai | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| PS4 siririya | dala 299 (2016) | ta hannu ake samu | ƙasa da wat 100 | akwai | da sauƙi | tsufa, ƙarshen sabuwar ƙwallo |
| PS5 mai faifai | dala 499 (2020) | dala 549 | kusan wat 200 | akwai | sai ƙwararre | jari duka a wuri ɗaya |
| Xbox Series S | dala 299 (2020) | dala 399 | ƙasa da wat 100 | babu | da wuya | data, ƙarancin masu nema |
| Switch 2 | dala 449 (2025) | dala 449 | kusan wat 20 | kati | da wuya | sata, tsadar gem |
| Jiran PS6 | ba a faɗa ba | ba a faɗa ba | ba a faɗa ba | ba a faɗa ba | babu tukuna | kuɗi su narke ba ciniki |

Wani abu da ba ya cikin teburin, kuma ya fi janareta saurin kashe shago: zaman lafiya da gari. Kafin ka sayi ko waya ɗaya, ka je ka gaida mai unguwa da liman, ka faɗa musu dokokinka. Ana kiran salla a kashe komai. Ba ɗan makaranta a lokacin boko ko islamiyya. Ba caca, ko ta naira hamsin ce. Gem mai tsiraici ko batsa ba ya shiga na'urarka, komai farin jininsa. Uba ɗaya da ya tarar da ɗansa a shagonka lokacin makaranta ya isa ya sa a rufe maka ƙofa.

Wa ya dace da wanne

Wanda zai fara a ƙauye, inda yara ke zuwa da naira ɗari biyu-biyu, kuma janareta ko sola ne wutarsa, ya ɗauki siririyar PS4 biyu ko uku, ya bar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa a gefe don fad da gyara.

Wanda ya riga yana da shago mai tafiya a gari irin Gumel, Haɗejiya, Kazaure ko Dutse, inda akwai ɗaliban manyan makarantu da ma'aikata da za su biya ninki, ya ƙara PS5 ɗaya mai faifai daga cikin ribar da ya tara, ba da bashi ba, kuma kada ya zauna jiran farashi ya sauko. Mai gidan kallon ƙwallo da ke da babban janareta da talabijin da ke zaune banza da rana, shi ma PS5 ɗaya za ta yi masa aiki, tunda rabin kayan yana da su.

Wanda don gidansa yake so, yana da intanet mai ƙarfi, ba ya neman riba, Series S ta ishe shi. Jira kuwa na mutum ɗaya ne: wanda ke da PS5 a hannu tana aiki, yana tunanin ko ya canja ta da Pro. Shi ya riƙe abinsa har Sony ta buɗe baki.

Ɗan ƙanwata ya ƙirga kuɗinsa a kan benci bayan yara sun watse. Sun isa PS4 biyu, talabijin biyu, fad shida, da kafin alƙalami na sola, in ya haɗa da batirin da mahaifinsa ya ce zai ara masa. Ta ukun sai bayan ƙaramar salla, in cinikin salla ya yi kyau. Ya ce, "Kawu, ranar Talata za ka raka ni Kano?" Na ce ya zo da asuba mu bi motar farko, kuma ya taho da faifan ƙwallon da ke kan tebur ɗin can, da shi za mu gwada su.